Bahar Ba Za Ta Raba Wannan Gardama Ba: Martani Ga Malam

Rubutun da Malam ya fitar a kan 'yancin zaɓi ya zagaya sosai a tsakanin masu wa'azi da ɗaliban makarantun tauhidi, kuma ya cancanci a tanka masa, don ba kullum ake samun wanda zai buɗe wa masu karatun Hausa littafin Ibrananci ba. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, kalmar bahar, wato zaɓa, ta fito kusan sau 170 a Tsohon Alkawari. Musa ya umarci Isra'ilawa su zaɓa, Joshuwa ma haka. Akwai hadayar da ake kira nedaba, wadda a cewarsa sunanta ma 'yancin nufi ne. Saboda haka, in ji Malam, Ibraniyawa sun san ɗan Adam da cikakken ikon kansa, ƙaddara kuwa baƙuwa ce da ta shigo ta ƙofar falsafar Girkawa. Ya rufe da cewa duk wanda ya iya Ibrananci ba zai ƙara jayayya a kan wannan ba.

To, ni Ibranancin nake koyarwa, kuma ina jayayya. Malam ya girme ni a shekaru da kuma aikin bishara, ban kuwa ƙi abin da yake ƙoƙarin karewa ba. Na yarda za a tambayi mutum abin da hannunsa ya aikata. Inda muka rabu shi ne shaidun da ya kira. Ya ɗauko kalma guda ya tsayar da ita gaban alƙali, ita kuwa in aka bar ta ta yi magana da bakinta, ba abin da Malam yake so za ta faɗa ba.

Mu fara da ƙidayar. Sau 170 ɗin nan gaskiya ne, kowa na iya gani in ya buɗe littafin jeren kalmomi na Strong, wanda aka buga tun 1890, yanzu kuma yana cikin wayar kusan kowane fasto, ya nemi lamba 977. Amma a ƙidayar aikatau akwai tambayar da ba a tsallakewa: wa ya yi aikin? In aka bi jeren aya bayan aya, za a tarar a fiye da rabin wuraren da aka ambaci mai zaɓen, Allah ne. Shi ne ya zaɓi Isra'ila daga cikin al'ummai, ya zaɓi Lawiyawa su yi hidima, ya zaɓi Dawuda bayan an gabatar da 'ya'yan Yesse bakwai an ce ba su ba ne, ya zaɓi Urushalima. Littafin Maimaitawar Shari'a, wanda Malam ya fi dogara da shi, shi ne ma ya fi ba shi kunya. Kalmar ta zo kusan sau 30 a cikinsa, kusan 20 daga ciki a kan wurin da Ubangiji zai keɓe domin sunansa ne. Sau biyu rak ɗan Adam ne mai zaɓen. Ɗaya ita ce ayar da Malam ya kawo, a sura 30. Ɗayar tana sura 23, kuma ina jin daɗinta ƙwarai: bawan da ya gudo daga hannun ubangidansa, doka ta hana a mayar da shi, ta ce a ƙyale shi ya zauna a garin da ya ga dama. Ke nan a littafin da ya fi kowanne maganar zaɓe, mutumin da aka sakar wa mara ya zaɓi wurin zama, irin yadda Allah yake zaɓar nasa, gudajjen bawa ne. Da Malam ya lura da wannan da ya sami wa'azin Lahadi guda, amma da bai sami hujjar da yake nema ba.

In kuma aka duba sauran wuraren da mutane ke zaɓe, galibi harkar yau da kullum ce. Musa ya ce wa Joshuwa ya zaɓo mayaƙa. Dawuda ya sunkuya a rafi ya zaɓi duwatsu biyar masu sulɓi. Maƙerin gunki, a Ishaya 40, yana zaɓen itacen da ba zai ruɓe ba. Ma'anar a fili take, a duba abubuwa da yawa, a auna, a ɗauki wanda ya fi. Kalmar ba ta faɗi komai a kan abin da ya karkata zuciyar mai ɗauka ba, kamar yadda mu ma in muka ce wance ta zaɓi atamfa a kasuwa ba mu yanke hukunci a kan ƙaddara ba. Wurare biyu na farko da aikatau ɗin ya fito a Farawa ma ba abin alfahari ba ne: a sura 6 zaɓen mata ne da ya gabaci ruwan tsufana, a sura 13 kuwa Lutu ne ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun kore shar, ya yi zaɓen tumun dare da rana tsaka, ya ƙare a ƙofar Saduma. Ibrahim, wanda ya bar ƙasarsa da danginsa, Farawa ba ta taɓa cewa ya yi bahar ba. Sai can a Nehemiya 9 aka haɗa sunansa da kalmar, a can ma shi aka zaɓa. Annabi Gad kuma da ya zo wa Dawuda bayan ƙidayar jama'a, abu uku ya jera masa ya ɗauki ɗaya, yunwa, ko gudu gaban maƙiya wata uku, ko annoba kwana uku. Wannan ma bahar ce, amma gaba kura ce baya sayaki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda Malam ya kawo labarin Iliya a Dutsen Karmel cikin hujjojinsa, yana cewa annabin ya sa jama'a su zaɓa tsakanin Ubangiji da Ba'al. A ma'ana haka ne. Amma a buɗe 1 Sarakuna 18 da Ibrananci a sa yatsa a kan layin. A aya 21, inda Iliya ya tsare jama'a, babu bahar. Ya zarge su da ɗingishi tsakanin ra'ayi biyu, ya ce su bi bayan wanda ya tabbata Allah. Jama'a suka yi tsit, ba wanda ya ce uffan. Sai an sauko aya 23 da 25 kalmar ta fito, sau biyu, kuma duka biyun a kan bijimi ne. Iliya ya ce wa annabawan Ba'al su fara zaɓar nasu daga cikin bijimai biyu, tun da su ne masu yawa. A surar da ta fi kowace kama da filin zaɓe, abin da aka yi wa bahar sa ne. Mutanen kuwa ba su furta zaɓinsu ba sai da wuta ta sauko ta lashe har ruwan da ke cikin wuriya, sa'an nan suka faɗi rubda ciki. Mai son ƙaddara zai iya ɗaukar wannan ya yi tsalle, zan dawo kansa. Abin da nake nunawa yanzu shi ne, inda maganar nufin mutum take sau da yawa kalmar ba ta nan, inda kalmar take kuma sau da yawa maganar ba ta nan.

Yanzu ga manyan shaidun Malam guda biyu.

A Maimaitawar Shari'a 30:19 Musa ya kira sama da ƙasa shaida, ya ajiye wa jama'a hanya biyu, ya gaya musu wadda za su ɗauka. Malam ya ce ba a umartar wanda ba shi da iko. Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Ayoyi 11 zuwa 14 na surar ma suna goyon bayansa, don can aka ce umarnin bai fi ƙarfinsu ba, ba ya nesa, yana bakinsu da zuciyarsu. Sai dai surar ba daga aya 11 ta fara ba. A aya 6 an riga an ce Ubangiji ne zai yi wa zuciyarsu kaciya domin su iya ƙaunarsa. Wannan kaciyar ta zuciya, a sura 10 su aka umarta su yi wa kansu. A sura 29 Musa ya ce har ran nan Ubangiji bai ba su zuciyar ganewa ba, bayan shekara 40 suna ganin al'ajabi. A sura 31 kuma, shafi guda bayan umarnin zaɓen, Allah ya gaya wa Musa tun kafin su haye Urdun cewa za su karya alkawarin, don ya san yeser ɗinsu, wato abin da zuciyarsu take ƙullawa. Littafi ɗaya ne, baki ɗaya ne, a zama ɗaya a filayen Mowab. Wanda ya tsara shi bai ga cin karo a tsakanin waɗannan ba, ko kuwa ya gani ya bar su haka da gangan.

Gardamar nan an yi ta tuni, kuma waɗanda suka yi ta ba ƙananan mutane ba ne. A 1524 Erasmus ya rubuta littafinsa na kare 'yancin nufi, ya kafa hujja da wannan ayar. A ƙarshen 1525 Martin Luther ya mayar masa da martani, ya ce umarni yana nuna abin da ya wajaba a yi ne, ba ya auna abin da za a iya, kuma doka takan zo ne don ta nuna wa mai girman kai gazawarsa. Ni ban bi Luther har ƙarshen hanyarsa ba. Amma shekara 500 ke nan, jikokinsa na Numan da jikokin masu ra'ayin Kalbin na Takum da Wukari da waɗanda suka fi karkata ga Arminiyus duk suna karanta ayar nan, a makaranta ɗaya ma wani lokaci, kamar a Bukuru, ba ta kuwa raba su ba. Ba don sun kasa karanta haruffa uku na bahar ba ne.

Joshuwa 24 ta fi wannan wuya ga Malam, don ya yanko rabin aya ne, rabin da ake rubutawa a allo a rataya a falo. A Shekem, a aya 14, Joshuwa bai ba da zaɓi ba, umarni ya bayar a bauta wa Ubangiji a watsar da gumaka. Sai a aya 15 ya ce in kuwa hakan bai yi musu ba, to su zaɓa. Tsakanin me da me? Tsakanin gumakan da kakanninsu suka bauta wa a hayin Kogin Yufiretis da gumakan Amoriyawan da suke zaune a ƙasarsu. Ba'a ce ta dattijo wanda ya gaji. Da jama'a suka amsa da ƙarfi cewa Ubangiji za su bauta wa, sai tsohon ya watsa musu ruwan sanyi, a aya 19 ya ce ba za su iya ba. Kalmar iyawa ce ya kore, ita ce kuwa ainihin abin da Malam yake so ya tabbatar. Gaskiya ne suka nace, gaskiya ne kuma a aya 22 Joshuwa ya sa su shaida a kan kansu cewa sun zaɓi Ubangiji, da wannan kalma ta bahar, har ya kafa dutse a gindin itacen oak. Wannan na Malam ne, na ba shi. Amma wanda ya ɗauki aya 22 dole ya ɗauki aya 19 tare da ita, ya kuma juya shafi zuwa Mahukunta 10, inda Allah ya ce wa 'ya'yansu su je su yi kuka ga gumakan da suka zaɓa.

Maganar nedaba ba za ta ɗauki lokaci ba, don kuskuren daga fassarar Turanci ya shigo. Masu fassarar Sarki James ta 1611 sun ba wa hadayar suna da kalmar da masu falsafa suke amfani da ita wajen 'yancin nufi, Malam ya ga kalmar ya yi murna. A Littafin Firistoci kuwa nedaba rukuni ce ta hadaya, wadda doka ba ta ɗora maka ba, kai ma ba ka yi wa'adinta ba. Mu a coci baiko na yardar rai muke cewa, maƙwabtanmu Musulmi kuma in ka ce musu kamar nafila ce a gefen farilla sun gane. Har a sura 22 an yarda a kawo dabbar da wata gaɓarta ta yi tsawo ko ta gajarta a matsayin nedaba, amma ba a karɓarta a cika wa'adi. Bambancin tsakanin wajibi da ƙari ne. Zabura 68 ta kira ruwan sama mai yalwa da wannan kalmar, ba wanda zai ce girgije yana da 'yancin nufi. Wurin da aka fi jin tushen kalmar shi ne 1 Tarihi 29, inda jama'a suka zubo zinariya da azurfa domin ginin Haikali da ganin damarsu. Can ɗin ne Dawuda ya tashi ya yi addu'a yana mamakin yadda shi da mutanensa suka sami ƙarfin bayarwa haka, ya ce duk daga hannun Allah ya fito, ya roƙe shi ya riƙe wannan niyya a zuciyar jama'a. Mai yardar ran da kansa yana cewa yardar ba shi aka yi.

Da Malam ya tambaye ni ina zai sami nufin ɗan Adam a Ibrananci, da na nuna masa wasu ƙofofi, kuma sun fi wadda ya ƙwanƙwasa. Akwai aba, wato yarda ko amincewa. Ta fito sama da sau 50, kuma abin mamaki, ban da wuri biyu, kullum da korewa take zuwa: bai yarda ba, ba su yarda ba. Ɗaya daga cikin biyun tambaya ce a Ayuba 39 a kan ko ɓauna za ta yarda ta yi wa mutum bauta, amsar kuwa a'a ce. Ɗayan shi ne Ishaya 1:19, inda aka sa sharaɗi, in sun yarda ga abin da za su ci, in sun ƙi, a aya ta gaba, ga abin da zai ci su. Wannan ce ayar da ta fi kowace taimakon Malam a Tsohon Alkawari, bai kuwa kawo ta ba, don lamba 977 ba ta kai shi can ba. Akwai ma'en, ƙi, kalmar da Irmiya ya yi ta jifan mutanen Yahuza da ita. Akwai shub, juyowa, wadda ta wuce sau 1,000, ita ce kalmar tuba a bakin annabawa. Akwai leb, zuciya, fiye da sau 800, wadda a wurinsu ita ce mazaunin tunani da shawara, ba ta soyayya kaɗai ba. A ganina wannan ya nuna wani abu game da yadda marubutan nan suka kalli mutum. Sun fi ganin nufinsa a lokacin da ya taurare ya ce ba zai yi ba, sai kuma lokacin da ya juyo.

To amma ko a nan tsugune ba ta ƙare ba. Shub ɗin nan, a Zakariya 1 da Malakai 3 Allah ne yake cewa su juyo gare shi shi ma zai juyo gare su. A ƙarshen Makoki da Irmiya 31 kuwa mutane ne suke roƙo a juyo da su domin su juyo, kalma ɗaya a siga biyu, ɗaya ta sa wani ya yi, ɗaya ta yi da kai. Ezekiyel a sura 18 ya ce su yi wa kansu sabuwar zuciya, a sura 36 ya ce Allah ne zai ba su. Annabi ɗaya ne, kuma ba mantuwa ya yi ba.

Fir'auna fa? Malam ya wuce shi da layi biyu, ya ce shi ya fara taurare zuciyarsa, Allah ya tabbatar masa da abin da ya zaɓa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A annobai biyar na farko ana cewa ne zuciyarsa ta taurare ko shi ya nauyaya ta, sai a ta shida, ta marurai, a Fitowa 9:12, aka fito fili aka ce Ubangiji ne ya yi. Amma tun a sura 4, Musa bai ma isa Masar ba, Allah ya riga ya faɗa cewa zai taurare ta. Bayan ƙanƙarar annoba ta bakwai kuma aka koma cewa Fir'auna ne ya nauyaya zuciyarsa, aka kuma kira hakan zunubi. Aikatau uku ake juyawa, hazak ta ƙarfafawa, kabed ta nauyayawa, ƙasha ta taurarawa, babu bahar ko ɗaya a kan Fir'auna. A 10:27 ma an haɗa biyun a aya guda, Ubangiji ya ƙarfafa zuciyarsa, shi kuma bai yarda ya sake su ba. Haka aka faɗa game da Sihon sarkin Heshbon a Maimaitawar Shari'a 2:30.

Kada 'yan'uwana masu ra'ayin ƙaddara su fara tafi, don kalmar ba tasu ba ce su ma. Bahar ta Allah a Tsohon Alkawari kusan kullum a kan al'umma ce, ko gari, ko gidan firistoci, ko sarki, kuma domin wani aiki ne a cikin tarihi. Ba a yi amfani da ita wajen raba mutane ɗaya ɗaya tun fil'azal, wannan zuwa rai madawwami wancan zuwa hallaka ba. Wanda ya ɗauki ƙa'idodin taron masu ra'ayin Kalbin na Dort na 1618 zuwa 1619 ya zuba su cikin wannan kalmar ya yi irin abin da Malam ya yi, fuska ce kawai ta bambanta. Saul zaɓaɓɓe ne, Sama'ila ya nuna shi ga jama'a a Mizfa da wannan kalmar. Bayan sura biyar aka ƙi shi da kishiyarta, ma'as, kuma dalilin da aka bayar shi ne shi ya fara ƙin maganar Ubangiji, da wannan aikatau ɗin dai. A Ishaya 66 mutane sun zaɓi hanyoyinsu, Allah ya ce shi ma zai zaɓar musu wahalarsu. A nan zaɓen Allah amsa ce ga nasu.

Saura maganar cewa ƙaddara baƙuwar Girkawa ce. Wannan tsohon ra'ayi ne, na raba tunani gida biyu, na Ibraniyawa da na Girkawa, sa'an nan a jefa duk abin da ba a so a gidan Girkawa. James Barr ya rushe shi tun 1961 a littafinsa kan ma'anar kalmomin Littafi Mai Tsarki, inda ya nuna cewa koyarwa a cikin jimla take zaune, kuma kuskure ne a tattaro duk abin da aka taɓa faɗa da wata kalma a ɗora mata a kowace aya. Tarihi ma bai goyi bayan Malam ba. Yosifus, wanda ya gama babban tarihinsa na Yahudawa wajen shekara ta 93, ya ce mutanensa sun kasu uku a kan wannan batu: Sadukiyawa sun kore ƙaddara, Essiniyawa sun miƙa mata komai, Farisiyawa suka tsaya a tsakiya. Za a iya cewa Yosifus da Girkanci ya rubuta domin baƙi. To ga littafin dokokin jama'ar Kumran, wanda aka tsinta a kogo kusa da Tekun Gishiri a 1947, da Ibrananci tsantsa. Yana koyar da cewa Allah ya tsara hanyar kowane mutum tun kafin a halicce shi, ya raba 'yan Adam tsakanin ruhun gaskiya da ruhun ɓata. Wane suna waɗannan mutanen suke kiran kansu da shi? Masu miƙa kai da yardar rai, daga tushen nadab, tushen nedaba ɗin Malam. Mutanen da suka fi kowa riƙe ƙaddara a cikin Yahudawa su ne suka fi son kalmar da Malam ya ce tana rushe ƙaddara, kuma sun fi ni da shi jin Ibrananci. A ɗaya gefen akwai Ben Sira, wajen shekara 180 kafin haihuwar Almasihu, wanda a sura 15 ya ce Allah ya bar mutum a hannun yeser ɗinsa, ya sa wuta da ruwa a gabansa. Da shi Erasmus ya buɗe hujjojinsa. Shi ɗin ma a sura 33 ya koma maganar maginin tukwane da yumɓu.

Abin dariyar shi ne, in ana neman baƙon Girkawa, sunan da ake kiran 'yancin nufi da shi a tauhidin Kirista shi ne baƙon. Kalmar Girkanci ce ta masu falsafa, mai nufin ikon kai, Justin Shahidi ya ɗauke ta a ƙarni na 2 ya yaƙi masu cewa komai rubutacce ne, Tertuliyan ya juya ta zuwa Latinanci, Agustin ya sa ta sunan littafi. A Ibranancin Tsohon Alkawari kalmar 'yantacce ita ce hofshi, ana faɗinta ga bawan da ya cika shekara shida aka sake shi, ko jakin jeji, ko gidan da aka yafe wa haraji. Ba a taɓa liƙa ta ga zuciya ko nufi ba. Da malaman Yahudawa suka zo yin maganar kai tsaye a Mishna, a faɗar da ake dangantawa da Rabbi Akiba, reshut suka ce, wato izini ko dama, suka kuma ajiye ta kafaɗa da kafaɗa da cewa an riga an ga komai. Musa bin Maimun, wanda ya gama babban littafinsa na shari'a a Masar wajen 1180, shi ma reshut ya riƙe a babin tuba, alhali babu mai kare 'yancin mutum kamarsa.

Yaushe ne to bahar ta zama kalmar wannan muhawara? Amsar tana kusa da mu fiye da yadda Malam yake tsammani. A shekara ta 933 Sa'adiya Ga'on, mutumin Fayyum ta Masar wanda ya shugabanci makarantar Yahudawa ta Sura a Iraƙi, ya rubuta littafinsa na aƙida da Larabci, a zamanin da malaman Musulunci suke ta fafatawa a kan jabru da ikhtiyari, Mu'utazilawa a gefe guda, Abul Hasan al-Ash'ari da koyarwar kasbu a ɗaya gefen. Babi na huɗu na littafin a kan ɗa'a da saɓo da jabru da adalci ne, kalmomin da duk almajirin da ya zauna gaban malamin tauhidi a zauren Kano ko Zariya ya sani. A 1186 Yahuza ibn Tibbon ya fassara littafin zuwa Ibrananci a garin Lunel na kudancin Faransa, ɗansa Sama'ila kuma ya fassara littafin falsafar Bin Maimun a 1204. A hannun masu fassara irinsu ne behira, suna daga bahar, ta zauna a gurbin ikhtiyari, daga baya aka riƙa haɗa ta da sifar 'yanci, har ta zama abin da mai jin Ibranancin yau yake cewa in yana nufin 'yancin zaɓi. Malam ya ji wannan a bakin Yahudawan zamani ko ya gani a ƙamus, ya ɗauka tun zamanin Musa haka take. Tsakanin Irmiya da Ibn Tibbon kuwa akwai fiye da shekara 1,700.

Malam ya yi alkawarin kashi na biyu, a kan Sabon Alkawari. Roƙona kafin ya haye can shi ne ya dawo ya zauna da Fitowa 10:27 da Maimaitawar Shari'a 2:30, inda aba ɗin mutum da taurarawar Allah suke cikin jimla ɗaya, ya gaya mana yadda yake karanta su. In ya haye ɗin ma, kalmar Girkancin da masu fassarar Saba'in, wato tsohuwar fassarar Tsohon Alkawari zuwa Girkanci, suka fi sa wa a gurbin bahar ita ce Yesu ya yi amfani da ita a Yahaya 15:16, kuma a can ma almajiran ba su ne masu zaɓen ba.